Hatimin da Bai Karye Ba

Ranar Juma'a bayan La'asar, Hamad ya yanke hatimin kwantenar da hannunsa a harabar sitonsa da ke unguwar Rusaifa a Makka, mutum bakwai suna kallo. Lambar hatimin ta yi daidai da wadda ke jikin takarda. Da aka buɗe ƙofa sai ƙamshi ya bugi kowa, amma layi biyu na gaba wayam. Katan sittin na hel, ɗan ƙamshin nan da Balarabe ba ya shan gahawa sai da shi, babu su babu dalilinsu.

Kafin Magariba labari ya gama unguwa. Wannan ɓangaren na Rusaifa Hausawa ne suka cika shi, da yawansu aikin Hajji suka zo suka zauna, babu iƙama, wato izinin zama, babu wata takarda. Abin da suka fi tsoro shi ne motar shurɗa, 'yan sandan ƙasar, ta shigo lungu, domin in ta zo neman ɓarawo ɗaya, da mutum hamsin take komawa, daga nan sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi. Saboda haka tun kafin a tambayi kowa an riga an sami wanda za a nuna: Zali mai gadi. Shi ne a bakin ƙofa. Matarsa kuma gahawa take sayarwa.

Hamad ɗan ƙasa ne, amma kakarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa gwargwado. Ya tsaya a tsakiyar haraba ya ce, "Litinin da hantsi za a mayar da kwantenar nan tashar jiragen ruwa. In har lokacin ban ga kayana ba, shurɗa zan kira. Halas, magana ta ƙare."

Mukhtaru, shugaban leburorin siton, wanda ya shekara ashirin a wurin, ya matso kusa da Hamad, ya kira shi da laƙabinsa ya ce, "Ya Abu Majid, kafin a kai ga haka, bari a kira mijin yayata, Idrisu. In sawu ne, shi zai gani."

* * *

Idrisu ya haura shekara sittin da biyar. A ƙasar Damagaram aka haife shi, wajen kiwon raƙuma ya koyi karanta ƙasa. Yakan dubi sawu ya ce wannan taguwa ce, tana da ciki, jiya da hantsi ta wuce. Daga baya ya yi shekara goma sha takwas yana lodi a tashar jiragen ruwa ta Jidda, sannan ya dawo Makka ya zauna a unguwar Zahir. Yana da iƙama. In an yi sata tsakanin Hausawa shi ake fara kira, kuma mutane suna cewa bai taɓa ɗora wa wani laifin da bai yi ba. In aka faɗi haka a gabansa yakan sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunya ce.

Asabar da safe ya iso siton. Ya dubi ƙasa ya ga babu abin karantawa.

"Wa ya wanke harabar?"

"Yaya, ai kullum Juma'a ake wankewa," in ji Mukhtaru.

Idrisu ya zaga kwantenar sau biyu. Ya duba tayoyin tirela, ya sa aka kawo tsani ya leƙa rufi, ya ƙwanƙwasa bango ko an yanka an liƙe. Ƙofar kuwa, kallo ɗaya ya yi mata ya kau da kai.

Ya sami Zali zaune a ɗakin gadi, siririn mutum ɗan shekara arba'in, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Ƙarfe nawa kwantenar ta shigo?"

"Goma saura, Baba Idi."

"Daga nan zuwa La'asar, ka bar bakin ƙofa?"

"Ban gusa ba."

"Sallar Juma'a fa?"

"A nan na yi Azahar." Zali ya faɗa yana kallon takalminsa.

Idrisu ya daɗe yana dubansa. Ya san ƙarya ce, amma bai ga alamar ƙaryar ɓarawo ba. Ta fi kama da ƙaryar wanda aka ce ya yi shiru.

* * *

Sakinatu matar Zali tana da teburi a bakin wani lungu, da filas uku da ƙananan kofuna. Tun safe babu wanda ya tsaya ya saya. Mata biyu da ke ƙofar gidan da ke kallonta sun daina hira da suka ga Idrisu.

"Sun ce hel ɗin da nake sakawa na sata ne," ta faɗa kafin ya tambaya. Ta buɗe wani gwangwani ta miƙa masa. "Ga shi. Sharar sito ce, abin da ya zube a ƙasa watan jiya. Ni na tsince, na wanke, na shanya."

Idrisu ya murza ƙwaya ɗaya. Ta koɗe, ta zama ruwan ƙasa, ƙamshinta ya tsufa. Wanda ke cikin kwantenar kuwa kore ne shar.

"Wannan ba shi ba ne," ya faɗa da ɗan ƙarfi, yadda matan nan za su ji.

Sakinatu ta sauke ajiyar zuciya, sai bakinta ya saki. "Mutumin da jiya ya dawo daga masallaci yana murna kamar an yi masa albishir. Shekara biyu rabonsa da ya sami Juma'a saboda gadin nan. Wanda ya fito daga huɗuba shi zai je ya yi sata?"

"Ya je Juma'a ke nan?"

Ta gane ta yi suɓul da baka. "Baba, don Allah. In Hamad ya ji ya bar ƙofa, korarsa zai yi."

"Wa ya tsare masa ƙofar?"

"Bai gaya mini ba. Ya ce wani ne ya yi masa alheri."

* * *

Direban tirelar, Marwan, haihuwar Makka ne, Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙarfi. Hamad ya nuna wa Idrisu a waya cewa tirelar ta fita ƙofar tasha ƙarfe shida da minti goma. Daga Jidda zuwa Rusaifa bai fi sa'a ɗaya da rabi ba. Sa'a biyu sun ɓata a hanya.

"Ina ka tsaya?" Idrisu ya tambaye shi a wani shagon shayi.

"Zahma, ya Ammi. Cunkoso."

"Ranar Juma'a da asuba? Ko raƙumi ka hau ka riga haka zuwa."

Marwan ya shafa keya, ya dubi hagu da dama. "A Bahra na tsaya. Matata ta yi yaji, wata guda ke nan tana gidan ubanta. Na je biko. Uban ya zaunar da ni, ya karanta mini laifina tun daga ranar ɗaurin aure. Wallahi sa'a biyu ban ce komai ba sai na'am."

"Tirelar fa?"

"A bakin titi, gaban gidan mai. A kulle."

"Ta dawo?"

"Tirelar?"

"Matar."

"Ta ce sai ta yi shawara."

Idrisu ya kusa yin dariya. Amma sa'a biyu a bakin titi ba wasa ba ne, kuma ya ji wani abu a ransa yana fatan a ce a Bahra abin ya faru, wasu ɓarayin hanya ne da ba wanda ya san su. Wannan fatan shi ne ya dame shi. Mai bin sawu ba ya zaɓar inda sawu zai nufa.

* * *

Lahadi da sassafe ya hau mota zuwa Jidda. Wani tsohon abokin aikinsa, Sami, yana da ofishin fitar da kaya kusa da ƙofar tasha, shi ne ma ya yi wa Hamad takardun wannan kwantenar. Ta tagar ofishin ana hango injinan ɗaga kaya jere a bakin ruwa, tsayinsu ya fi hasumiya, kwantenoni a jibge kamar unguwanni.

"Ba tashar da ka sani ba ce," in ji Sami yana zuba masa shayi. "Lokacinmu kafaɗa ce ke aiki. Yanzu hukumar tasha ta ba manyan kamfanoni bakin ruwa su gudanar, kwastan suna nasu, kowace tirela da lokacinta a waya. Ka makara, sai ka sake neman layi. Ba su yarda jirgi ya kwana yana jira ba, don in ya jira a nan, gobe wata tashar zai nufa. Kuma ka san shinkafar da Makka ke ci, da kaji, da haramin da alhazai ke ɗaurawa, yawancinsu ta ƙofar nan suke bi. In ta tsaya mako guda, har mai gahawa a lungu sai ta ji a jikinta."

"Za a iya ɗibar kaya a ciki?"

Sami ya juya masa kwamfuta. "An haska kwantenar da na'ura, an auna ta a sikeli a bakin fita. Nauyinta cif. Katan sittin kilo ɗari uku ne, da sikeli ya nuna. A cike ta bar nan." Ya kurɓi shayi. "Hamad dai bai yi sa'a ba, ga shi kwantenarsa ta kusa da ƙarshe ke nan da za ta je Rusaifa."

"Kamar yaya?"

"Bai faɗa muku ba? Ya kama wuri a sababbin sitocin da aka gina bayan tasha. Inji ke saukewa, inji ke jerawa. Bayan Hajji zai rufe na Rusaifa. Ai surukinka Mukhtaru ne ya kawo mini takardun watan jiya, ya tsaya nan yana karantawa har na ce masa ya zauna."



"Hatimi lafiya, kaya babu," Sami ya ci gaba, yana girgiza kai. "Sau ɗaya na taɓa ganin irin haka, shekara ashirin da biyu ke nan. Kwantenar agoguna. Ka tuna? Mai gadin da aka kama, wa ma sunansa?"

"Ɗan'auta."

"Shi. Shekara biyu a kurkuku, sannan tarhil. Har aka sa shi a jirgi yana rantsuwa. Ni dai har yau ban gane yadda ya yi ba."

Idrisu ya ajiye kofin, shayin bai kai rabi ba.

* * *

A motar komawa ya zauna kusa da taga bai ga komai a hanya ba. Shi ya san yadda aka yi.

Hatimi mariƙin ƙofa yake riƙewa. Mariƙin kuwa ƙusa ɗaya ce ta haɗa shi da sandar da ke kulle ƙofar. In ka huda ƙusar ka cire ta, sandar za ta juya, ƙofa ta buɗe, hatimi yana nan yadda yake. In ka gama sai ka sa noti a gurbin, ka shafa fenti. Wani makanikin jirgi ne ya taɓa nuna wa Idrisu don wasa. Shi kuma ya gwada ba don wasa ba, sau ɗaya, a filin ajiye tireloli da ke wajen tasha, ƙanin matarsa Mukhtaru yana riƙe masa kayan aiki. Ɗan'auta ne ke gadin filin. Mutumin Matamaye ne, tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Da aka kama shi, Idrisu yana tsaye cikin jama'a. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce wa kansa gobe zai yi magana. Goben ce ta kai shekara ashirin da biyu.

Tun jiya da ya kau da kai daga ƙofar kwantenar ya san dalili. Ya je wajen Sakinatu, ya je wajen Marwan, ya zo har Jidda, duk don kada ya tsuguna a gaban ƙofar nan.

Bayan Azahar ya shiga siton, lebura sun tafi cin abinci. Ya tsuguna. Mariƙai huɗu ne. Uku ƙusoshinsu sun yi tsatsa, ƙurar hanya ta zauna a kansu. Na huɗun, wanda aka maƙala wa hatimi, noti ne, an shafe shi da shuɗin fenti mai kama da na kwantenar. Ya danna da farce, fentin ya lotsa. Ya kawo ido kusa. Sumul yake, ko ƙwayar yashi ɗaya babu.

"Yaya, ka gaji da yawa."

Mukhtaru ne a bayansa. Idrisu bai juyo ba.

"Da a Bahra aka shafa fentin nan, da iskar hanya ta cika shi da yashi," in ji Idrisu. "A harabar nan aka shafa."

"To. Zali ke nan."

"Zali yana masallaci."

Mukhtaru ya zo ya tsuguna kusa da shi, kamar masu duba abu tare. Ya sassauta murya. "Shekara ashirin ina ɗaukar wa mutumin nan kaya. Bayana ya ƙare. Zai rufe wurin, ko a fuska bai gaya mini ba, a takarda na gani. Da me zan koma gida? Da ciwon baya?"

"Shi ya sa ka ce a kira ni."

"Wa zan ce a kira? Kai kaɗai ne in ka gani ba za ka faɗa ba. Ka ce ba ka gano ba. Zali ba shi da takarda, ko yau ko gobe dama tarhil ne. Jirgi kyauta zai samu, ya je ya ga danginsa."

Idrisu ya juyo ya dube shi. Wannan maganar, kusan kalma da kalma, shi ya taɓa faɗa wa Mukhtaru game da Ɗan'auta.

"In ka ambaci notin nan," in ji Mukhtaru yana miƙewa, "za a tambaye ka a ina ka san shi."

* * *

Bayan Magariba matarsa Fatsuma ta kawo masa tuwo, ta zauna gefe.

"Malam, Mukhtaru ya kira ni. Ya ce ka wahala, ka bar maganar nan haka."

"In ƙaninki ne ya ɗauka fa?"

"Shi kaɗai ya rage mini a gidanmu."

"Na sani."

Sai ya gaya mata duka: agogunan, da notin, da Ɗan'auta. Ya gaya mata cewa da abin da ya samu a agogunan ya samar mata iƙama, ya kawo ta Makka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ya yi mamakin yadda maganar ta ƙare cikin ɗan lokaci.

Fatsuma ta janye hannunta daga kwano. Ɗan'auta ya bar mata da 'ya a Zahir lokacin da aka kore shi. Matar ta rasu, 'yar, Hanifa, ta girma tana ɗinki a lungu na uku daga gidansu.

"Shekara ashirin da biyu," in ji Fatsuma a hankali, "kowane azumi kana aike na da shinkafa gidansu. Ina kaiwa ina jin kaina mai alheri. Uwar tana riƙe hannuna tana sa maka albarka." Ta tashi ta ɗauki kwanon. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Sakinatu tana da yara uku. Kada ka sa in fara kai musu shinkafa."

* * *

Litinin da safe Idrisu ya ce a tara kowa a gaban kwantenar: Hamad, Mukhtaru, Zali, Marwan, da leburori. Mutanen unguwa sun cika bakin ƙofar haraba, Sakinatu a cikinsu. Marwan ya riga ya tayar da tirela, lokacinsa na shiga tasha ƙarfe goma sha ɗaya ne.

Idrisu ya yi bayani a taƙaice. Hel ɗin Sakinatu tsoho ne. Kwantenar ta bar tasha a cike, sikeli ya shaida. Sannan ya kira Hamad ya nuna masa notin, ya sa shi ya danna fentin da farcensa, ya gaya masa abin da rashin yashi yake nufi.

"Ba a hanya ba ne, Marwan ya fita. A nan ne, lokacin da unguwa ta watse ta tafi Juma'a." Ya juya. "Zali, matarka ba ta yi maka ƙarya ba, kai ma kada ka yi wa kanka. Wa ya ce ka tafi masallaci zai tsare maka ƙofa?"

Zali ya dubi Hamad, ya dubi ƙasa. "Malam Mukhtaru ne. Ya ce in na faɗa, za a ce na bar aiki."

Mukhtaru ya yi murmushi. "Maganar wanda ake tuhuma ce. Ni a Harami na yi Juma'a. Kuma ni lebura ne, ina na san wata dabarar noti? Ya Abu Majid, ka tambayi wanda ya gano ta cikin kwana biyu, shi a ina ya koya."

Kowa ya dubi Idrisu. Ga shi tsaye cikin jama'a, kamar wancan karon. Ya ga Zali tsaye, hannuwansa a baya, kamar an riga an ɗaure su.

"Tambayar tana kan hanya," in ji Idrisu. "Na san dabarar ne domin ni na fara yin ta. Shekara ashirin da biyu da suka wuce na buɗe kwantenar agoguna a Jidda, ta wannan hanya. Mukhtaru ne ya riƙe mini kayan aiki, a nan ya koya. Mai gadi Ɗan'auta aka kama. Wasunku sun san shi, kun san 'yarsa. Bai ɗauki ko tsinke ba. Ina tsaye aka tafi da shi."

Wani dattijo a bakin ƙofa ya yi salati a hankali.

Murmushin Mukhtaru ya gushe. Ya dubi Idrisu kamar bai taɓa ganinsa ba. "Ka kashe kanka don mai gadi?"

"Ina kayan suke, Mukhtaru?"

Mukhtaru ya sa hannu a aljihu ya fiddo makulli, ya jefa a ƙasa gaban Hamad. Na wani gidan alhazai ne a Aziziyya da yake kula da shi in ba lokacin Hajji ba. Sawu uku ya yi da ƙaramar motar sito. Katan hamsin da takwas suna can, biyu ya riga ya sayar.

Hamad ya ɗauki makullin, ya daɗe yana juya shi. "Ba zan kira shurɗa ba," ya ce. "Ba don kai ba, don unguwar kakata. Amma zan yi maka takardar fita, wadda ba dawowa. Kafin mako biyu." Ya dubi Zali. "Kai kuma daga yau ka riƙa zuwa Juma'arka, a kulle ƙofa." Ya zo zai wuce Idrisu, ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya wuce.

Da Idrisu ya nufi ƙofa mutane suka dare masa hanya. Da can in zai wuce hannu goma ake miƙo masa. Yau Sakinatu ce kaɗai ta ce, "Sannu, Baba," ita ma ba ta ɗaga kai ba.

* * *

Bai koma gida ba. Ya wuce kai tsaye lungu na uku. Hanifa tana kan keken ɗinki, wata baƙar abaya a ƙarƙashin allura. Labari ya riga shi zuwa, ya gani a fuskarta. Ba ta tashi ba, ba ta ba shi wurin zama ba.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata da bakinsa, daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ƙafarta a kan keke, ba ta taka ba.

"Shekarata shida lokacin," ta ce. "A makaranta 'yar ɓarawo ake ce mini. Umma har ta rasu ba ta tabbata ba. Tana cewa bai yi ba, amma na taɓa jin ta tambaye shi a waya, ta ce ya gaya mata gaskiya tsakaninsa da Allah."

"Ki yafe mini, 'yata."

"Kada ka ce mini 'yarka." Ba ta ɗaga murya ba. "Kuma ba ni za ka roƙa ba. Yana nan da ransa a Matamaye. Idonsa ya mutu, amma kunnensa lafiya lau."

Ta ɗauki waya daga kan tarin yadi, ta nemo lamba, ta danna. Ta miƙa masa. Idrisu ya karɓa da hannu biyu. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ya ji kansa yana fatan kada a ɗauka.

Aka ɗauka. Kukan akuya ya fara shigowa, sannan muryar tsoho, ta dushe amma ita ce.

"Hanifa? Ke ce?"

"Ba ita ba ce. Idrisu ne. Na tasha."

"Idrisu!" Murna ta cika muryar. "Mutumin kirki. Kullum yarinyar nan tana ba ni labarin alherinka. Allah ya saka. Yaya Fatsuma? Yaya ƙafa?"

Idrisu ya dafa bango. Hanifa tana kallonsa, ba ta ƙifta ba.

"Ɗan'auta," ya ce, "ka sami wuri ka zauna. Maganar tana da tsawo."